Yadda Ake Gano Tafet Mai Aiki da Mai Idan Ya Lalace, da Saitin Bawul a Tsohon Injin Chevrolet 350

Duk bakanikin da ya koyi aiki a kan Peugeot 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna, hannunsa ya saba da hanya ɗaya ta saitin bawul: a bar injin ya huce, a zura filageji (siririn ƙarfen auna tazara), a bar tazarar milimita 0.10 a bawul ɗin shiga, 0.25 a na fita. Wannan ilimi daidai yake a wurinsa. Amma idan aka kawo maka tsohuwar motar Amurka mai injin Chevrolet 350, ka ɗauko filageji, to ka fara ɓata aikin tun kafin ka taɓa noti. Tafet ɗin wannan injin, wato guntun ƙarfen da ke tura sandar da ke buɗe bawul, da matsin baƙin mai yake aiki, ba ya son tazara ko kaɗan. Abin da yake so shi ne a danne shi kaɗan, shi kuma ya cike sauran da kansa.

Gidan injinan da 350 ya fito daga cikinsu ya fara ne a 1955, shi kuwa 350 ɗin ya bayyana a 1967 cikin motar Camaro, daga nan ya bazu a manyan motoci da a-kori-kura na kamfanin General Motors. Silinda takwas ne, jere biyu, kamshaf ɗaya a tsakiyar injin, wato sandar da ke juyawa mai tudu-tudu da ake kira hanci. Kamshaf yana ɗaga tafet, tafet ya tura doguwar sandar da ake kira fushrod, ita ta ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗayan gefen ya danna bawul. Bawul goma sha shida, tafet goma sha shida. Jagorar nan ta shafi injinan da ke da tafet mai shafaffen gindi, wato yawancin na kafin 1987, lokacin da motocin hawa suka koma tafet mai ƙaramar taya a ƙasa.

Abin da ke cikin tafet

Sai ka san cikinsa kafin ka iya fassara ƙararsa. Daga waje guntun ƙarfe ne mai faɗin inci 0.842. A ciki akwai ƙaramin fistin, ƙarƙashinsa ɗan ɗaki da mai ke cika, da ƙwallon ƙarfe mitsitsi da ke barin mai ya shiga ɗakin ya hana shi komawa, da siririn sifirin, sai mazaunin fushrod a sama da ƙarfen da ya kulle komai. Ɗauki sirinji ka cika shi da ruwa, ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna: ba zai motsa ba. Bari iska ta shiga, ko yatsanka ya ɗan saki, sai ya nitse. Haka tafet yake. Idan ɗakin ya cika da mai kuma ƙwallon ya rufe, tafet ya zama ƙarfe guda. Idan datti ya tokare ƙwallon, ko kumfa ta shiga man, ko fistin ɗin ya cinye, sai ya nitse, tazara ta buɗe, ƙara ta tashi.

Wani abu da ake mantawa: mai yana bi ta cikin tafet ya hau ramin fushrod ya fito a kan roka. Rokar da ka gani a bushe tana faɗa maka wani abu game da abin da ke ƙasanta.

Mataki na farko: mai, kafin komai

Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka duba mai. Ajiye motar a wuri mai lebur, ka jawo sandar awo. Idan mai ya yi ƙasa, famfo yana zuƙo iska. Idan ya wuce ƙa'ida, kiranshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa a ƙasan injin, yana kaɗa shi ya yi kumfa. Duka biyun sakamakonsu ɗaya ne, tafet da yawa su riƙa ƙara lokaci guda. Shinshina sandar. Warin fetur yana nufin kabureta na ambaliya ko famfon fetur ya huje yana zuba cikin injin, man ya tsinke ba ya riƙe matsi.

Daga nan ka auna matsin mai da geji na hannu, kada ka dogara da fitilar dashbod. Wurin ɗaurawa yana bayan injin, kusa da distiribita. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna bi ita ce kusan psi 10 (ma'aunin matsi a geji) ga kowane juyi 1,000 a minti, injin yana da zafi. Idan matsin ya faɗi ƙasa da haka sosai, matsalar tana famfon mai ko a metal ɗin kiranshaf (ƙarafan da yake juyawa a cikinsu), kuma sabbin tafet ba za su warkar da ita ba. Na fi jin takaicin wannan fiye da komai a aikin: mai mota ya biya kuɗin tafet goma sha shida da gaskit, a rufe injin, a tayar, ƙarar tana nan inda take, saboda ba wanda ya ba da minti goma ya ɗaura geji.

Mataki na biyu: saurare

Kamshaf yana juyawa sau ɗaya duk lokacin da kiranshaf ya juya sau biyu. Saboda haka ƙarar tafet tana tafiya da rabin saurin injin, siririya ce, tak-tak-tak, daga sama take fitowa. Samu dogon sukudireba, ka ɗora bakinsa a kan murfin bawul, ƙotar a kunnenka, ka riƙa matsawa daga gaba zuwa baya, jere ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarar ta fi kaifi, nan za ka nema. Ka naɗe hannun riga, ka yi nesa da fanka da fanbel.

Lokacin da ƙarar ke zuwa ya fi ƙarfinta muhimmanci. Wadda ke tashi da safe ta ɓace bayan 'yan daƙiƙoƙi ba ciwo ba ce. Duk inda injin ya tsaya, akwai bawul ɗin da suka kwana a buɗe, sifirin ɗinsu ya matse man tafet ya fita a hankali cikin dare, da zarar matsi ya dawo sai su cika. Wadda ba ta zuwa sai injin ya yi zafi yana silo, ta ragu idan ka taka totur, tana nuna tafet da ya cinye yana sakin mai da wuri, ko matsin mai da ya yi rauni. Wadda ke zuwa tana tafiya ba tare da dalili ba, yawanci datti ne ke shiga ƙarƙashin ƙwallon yana fita. Wadda ba ta tsayawa, da sanyi da zafi, mai ƙarfi, ko dai fistin ɗin cikin tafet ya maƙale a ƙasa saboda daskararren mai, ko notin roka ya saki, ko kuma abin da ba a fata, hancin kamshaf ya cinye.

Akwai masu kwaikwayon ƙarar tafet, kuma sun sha yaudarar ƙwararru. Babban cikinsu gaskit ɗin manifol na salansa, bututun da ke kwashe hayaƙi daga silindodi, idan ya huje: fit-fit-fit, daidai da saurin tafet, mai ƙarfi da sanyi, ya lafa idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe. Nemi baƙin tabon hayaƙi a gefen manifol. Na biyu sandar da ke tura famfon fetur, a ƙasan gaban injin ta daman direba. Na uku bugun metal, wanda ya fi nauyi, ƙwal-ƙwal daga ƙasa, kuma yana raguwa idan ka cire wayar fulogin silindar da abin ya shafa. Ƙarar tafet ba ruwanta da cire wayar fulogi.

Mataki na uku: buɗe murfin bawul

Kashe injin yana da ɗumi, ka cire murfin gefen da ka ji ƙarar. Dubi kalar ciki tukuna. Ruwan zuma-zuma ba laifi. Baƙin laka mai kauri yana nufin an daɗe ana wasa da canjin mai, kuma abin da ka gani a sama shi ne ke cikin tafet.

Juya injin da hannu har bawul ɗin da kake zargi ya rufe sarai. Sa ƙotar guduma ta katako a kan gefen rokar da fushrod ke ciki, ka danna da ƙarfi. Lafiyayyen tafet tsam zai tsaya. Wanda ya lalace zai nitse ƙarƙashin hannunka da laushi. Gwada maƙwabtansa domin hannunka ya san bambancin. Ka tuna tafet ɗin da injin ya tsaya bawul ɗinsa a buɗe zai iya yin laushi na ɗan lokaci ba tare da laifi ba, don haka a yi gwajin nan ba da daɗewa da kashe injin ba.

Kafin ka yanke wa tafet hukunci, duba abubuwa uku. Ɗora madaidaicin ƙarfe a kan kawunan kusoshin da roka ke zaune a kansu. A yawancin waɗannan injinan dannawa aka yi aka shigar da su, ba su da zare a ƙasa, kuma da tsufa wani yakan fara zarewa. Wanda ya fi 'yan uwansa tsawo shi ne mai laifin. Zare fushrod, ka mirgina ta a kan gilashi. Idan ta lanƙwashe za ka ji tana tsalle. Hura ta ka ga ramin a buɗe yake. Sannan juya roka ka dubi inda take gugar kan bawul da inda ƙwallonta ke zama, ko ya yi rami ko ya yi shuɗi saboda zafi.

Yanzu kamshaf. Mayar da komai, ka sa yaron shago ya juya injin, kai kuma ka zuba ido a kan rokoki. Wadda ba ta sauka kamar sauran, hancin kamshaf ɗinta ya tafi. Idan kana da geji mai agogo, ɗora shi a kan fushrod ka gwada da na bawul irinsa a wata silinda. Akwai kuma alama mai sauƙi idan injin na aiki: fushrod mai lafiya tana juyawa a hankali tana hawa da sauka, domin gindin tafet yana da ɗan tudu, hancin kamshaf kuma an ɗan karkata shi da gangan don ya riƙa juya tafet. Sa ɗigon fenti a kan kowace. Wadda ta tsaya cik ba ta juyawa, wurin ya fara cinyewa. Yanka tsohuwar filtar mai ka baje takardar a rana. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe ya isa shaida.

Idan datti ne kawai

Idan kamshaf lafiya, matsin mai lafiya, ƙarar kuma mai zuwa da tafiya ce, canja mai da filta, ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka sake canjawa da wuri. Sau da yawa wannan ya isa. Ban yarda da zuba kananzir ko gas a injin da ya tara laka ba. Lakar takan ɓalle gaba ɗaya ta toshe ragar famfon mai, a tashi daga ƙarar tafet a koma neman kiranshaf.

Canja tafet

Ba a kaiwa gare su sai an ɗaga manifol na shiga, wanda kabureta ke zaune a kansa. Cire wayar batir, zubar da ruwan lagireto, sa alama inda hancin rotar distiribita ke kallo da inda jikinsa ke zaune, sannan ka zare shi. Sassauta rokoki, ka cire fushrod. Samu kwali ka huda ramuka goma sha shida ka rubuta lamba, domin duk abin da zai koma dole ya koma inda ya fito. Kowane tafet ya riga ya saba da hancin kamshaf ɗinsa. Musanya su hanya ce ta kashe kamshaf cikin ɗan lokaci.

Juya kowane tafet ka ɗora madaidaicin ƙarfe a gindinsa. Ɗan tudu ake so. Idan ya shafe, ko ya lotsa ciki, ko ya yi ƙananan ramuka, shi da kamshaf duk sun gama aiki. Sabon tafet a kan tsohon kamshaf mai lafiya yana yiwuwa. Tsohon tafet a kan sabon kamshaf ba a yi, ko da ya yi kyau a ido.

Shafa wa gindin sabon tafet man haɗa kamshaf mai kauri, jikinsa kuma baƙin mai. Kada ka tsoma shi a mai kana famfa shi har ya cika ya ƙage, domin cikakken tafet zai buɗe bawul lokacin saiti maimakon ya nitse. Ka tabbata yana juyawa a raminsa da yatsa biyu. Yi saitin bawul tun manifol bai koma ba, saboda a lokacin kana ganin mazaunin fushrod da idonka yana sauka.

Saitin kansa, injin a kashe

Ga taswirar. Jeren hagu, gefen direba, daga gaba: 1, 3, 5, 7. Jeren dama: 2, 4, 6, 8. Tsarin tashin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2. A kowane jere, bawul daga gaba zuwa baya: fita, shiga, shiga, fita, fita, shiga, shiga, fita. Idan ka rikice, dubi bututun da ke daidai da bawul ɗin: na salansa ko na kabureta.

Cire fulogi duka don injin ya yi sauƙin juyawa, giya a firi, birkin hannu a ja. Sa soket a notin fulin kiranshaf ka juya yadda hannun agogo ke tafiya idan kana tsaye a gaban motar. Toshe ramin fulogi na 1 da babban yatsa. Idan ka ji iska na turo yatsan, ci gaba a hankali har layin da ke kan fuli ya zo daidai da sifili. Tabbatar da rokokin silinda ta 6: ya kamata ka ga na fita yana gama rufewa, na shiga yana fara buɗewa. Wannan tabbacin yana da amfani, domin zoben wajen fulin a kan roba yake zaune, kuma a tsohon injin yakan zame, layin ya yi ƙarya.

A wannan matsayi za ka saita bawul takwas. Na shiga: 1, 2, 5, 7. Na fita: 1, 3, 4, 8. Sai ka juya kiranshaf zagaye ɗaya cif, layin ya dawo sifili, ka saita sauran. Na shiga: 3, 4, 6, 8. Na fita: 2, 5, 6, 7. Sa alli a kan kowace roka da ka gama.

A kan kowane bawul, aikin kashi biyu ne, kuma na farkon ne ke raba gwani da ɗan koyo. Sassauta notin roka da soket mai inci 5/8 har fushrod ta sami wasa. Kama ta da yatsa biyu kana ɗaga ta sama da ƙasa, ɗaya hannun yana ɗaure noti kaɗan-kaɗan. Za ka ji ɗan ƙyas-ƙyas ɗin yana raguwa, yana raguwa, sai ya ɓace. Tsaya nan take. Wannan shi ne inda tazara ta ƙare, ba a kuma fara danne tafet ba. Mutane da yawa murza fushrod suke yi suna jiran ta yi tauri. Hanyar tana yaudara, musamman da sabon tafet da babu mai a cikinsa: sifirin ɗin ciki ba shi da ƙarfi, fushrod za ta ci gaba da juyawa har ka danne fistin ɗin ya kai ƙasa, kai kuma kana zaton yanzu ka iso. Sama da ƙasa ya fi gaskiya.

Kashi na biyu, dannewa. Littattafan kamfanin na yawancin shekarun sun ce a ƙara zagaye ɗaya daga nan. Masu haɗa injin da yawa suna tsayawa a rabin zagaye zuwa kashi uku cikin huɗu. Zaren kusar 24 ne a kowane inci, wato zagaye ɗaya ya ɗan haura milimita ɗaya a kan kusar, abin da ke isa tafet kuma ya fi haka saboda yadda roka ke aiki. A ganina rabin zagaye zuwa uku cikin huɗu ya wadatar ga injin da ya sha aiki, sai dai idan takardar da ta zo da sabbin tafet ta faɗi wani abu dabam, to ita za a bi. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne duka goma sha shidan su zama iri ɗaya. Lura da hannun sifana: daga ƙarfe goma sha biyu zuwa ƙarfe shida, rabi ke nan.

Idan noti yana juyawa ba tare da turjiya ba, jefar da shi. An matse bakinsa ne don ya riƙe kansa, kuma idan ya gaji zai warware a hanya.

In an sa wa injin kamshaf mai dogon hanci irin na tsere, hanyar matsayi biyu ba ta da tabbas. Bi silinda ɗaya-ɗaya: idan bawul ɗin fita ya fara buɗewa, saita na shiga. Idan na shiga ya buɗe ya juyo ya kusa rufewa, saita na fita. Ta fi cin lokaci, amma tana aiki a kan kowane kamshaf.

Saiti injin yana aiki

Tsofaffin makanikai sun fi son wannan, kuma tana da amfani idan ba a canja komai ba. Injin ya yi zafi, yana silo, murfi a buɗe. Sassauta noti har rokar ta fara tak-tak, ɗaure a hankali har ta yi shiru, sannan ƙara kwata, ka jira kamar daƙiƙa goma injin ya daidaita, ka ƙara wani kwatan. Jiran nan wajibi ne, domin tafet na buƙatar lokaci ya saki man da ya yi yawa, in ba haka ba bawul zai tsaya a buɗe. Mai zai yi ta fantsama a kan manifol mai zafi, don haka a yanke saman wani tsohon murfi a ɗaura, a ajiye abin kashe gobara kusa. Da sabon kamshaf ba a bin wannan hanya, saboda silo a farkon rayuwarsa yana kashe shi.

Tayarwa da tantancewa

Idan ka sa sabbin tafet, zura sandar juya famfon mai ta ramin distiribita, ka juya da na'urar huda ta lantarki yadda agogo ke tafiya, har ka ga mai ya fito a kan kowace roka. Mayar da distiribita kan alamarka. Da injin ya kama, kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, ka riƙe shi a nan minti 20 zuwa 30 kana ɗan hawa da sauka, ido a kan zafi da matsin mai. Kamshaf ɗin nan da man da kiranshaf ke watsawa yake samun yawancin jiƙonsa, a silo kuwa ba ya isa. Bayan haka a zubar da man, a canja filta.

Zaɓin mai ba ƙaramin abu ba ne a nan. Tafet mai shafaffen gindi yana buƙatar sinadarin zinki da fosfaras da ake kira ZDDP, kusan kashi 1,200 cikin miliyan, alhali yawancin man ƙananan motocin zamani an rage shi zuwa wajen 800 don kare na'urar tace hayaƙi. Nemi man da aka rubuta an yi shi don tsofaffin injina, ko ka ƙara sinadarin daga kwalba. A zafin ƙasarmu, 20W-50 yana yi wa injin da ya kwana biyu kyau. Saya a wurin da ka amince da shi, domin jabun mai yana saurin cinye kamshaf.

Daga ƙarshe ɗaura gejin zuƙar iska a manifol na shiga. Allura ta tsaya cik tsakanin inci 17 da 21 a silo, alamar bawul duka suna rufewa. Idan tana faɗuwa tana dawowa a kai a kai, injin yana rawa, ko yana tari ta kabureta, akwai bawul ɗin da aka danne fiye da kima. Awon matsin silinda zai nuna maka wacce ce. Koma kanta, ka sassauta, ka sake nemo inda tazara ta ƙare. Kada a bar motar ta fita a haka, domin bawul ɗin fita da ba ya zama a mazauninsa ba ya samun inda zai sauke zafi, kuma ƙonewa zai yi. Murfin bawul kuma a ɗaure shi da sauƙin hannu, a daidaita bakinsa da guduma idan ya lotsa a wajen ramukan noti, a sa sabon gaskit, a sake duba yoyo bayan tafiyar farko.